Darasi na 11: Fitar da Iska daga Birkin Mota a Gida

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi tsakanin Haɗejiya da garuruwan fadama ya san irin wannan rana. Ka taso daga Auyo da buhunan shinkafa a bayan mota, sai ga garken shanu ya ɓullo daga gona zai tsallaka titi. Ka taka birki, ƙafarka ta nutse kamar ka taka katifa. Ka ɗaga ka sake takawa, ka kuma, sai a na uku motar ta yarda ta tsaya. Shanu suka wuce, ka yi hamdala, ka ci gaba da tafiya. Daga ranar nan ka koyi taka birki sau uku, har abin ya zame maka jiki, ka manta cewa lalura ce.

Mu ɗan yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowane sakan. Idan wannan famfo da kake yi da ƙafa ya ci maka sakan ɗaya tak, ka yi tafiyar mita 22 ke nan ba birki. Ka auna mita 22 a ƙofar gidanka ka ga yara nawa za su iya wasa a ciki.

Sau da yawa abin da ke sa birki ya yi laushi haka iska ce da ta shiga inda mai kaɗai ya kamata ya zauna. Fitar da ita shi ne abin da kanikawa ke kira bilidin. A wannan darasi za mu koyi yadda ake yin sa a gida, da yadda ake gane ranar da bai kamata a yi shi a gida ba.

Gwajin sirinji

Malami ya zo aji da sirinji biyu sababbi, marasa allura. A ja iska a cika ɗaya, a ja ruwa a cika ɗayan. Kowane ɗalibi ya toshe bakin sirinji da babban yatsa, ya danna. Mai iska zai matsu har kusan rabi, in an saki ya dawo da kansa. Mai ruwa kuwa ko gezau. Sannan a ɗauki mai ruwan a bar 'yar iska kaɗan ta shiga, a sake dannawa. Za a ji ya ɗan yi laushi kafin ya tsaya. Wanda yatsansa ya ji wannan bambanci ya fahimci rabin darasin.

Birkin ƙaramar mota da mai yake aiki. In ka taka feda, tana tura fistin a cikin wata silinda da ke gaban direba, ƙarƙashin bonet, wadda ake kira masta. A kanta akwai ɗan tankin roba fari, shi ne ma'ajiyar man birki. Masta tana tura man cikin siraran bututun ƙarfe da suka bi ƙarƙashin mota, daga nan ya shiga tiyon roba, ya isa kowace taya. A tayoyin gaba akwai kalifa, wadda ke matse faifan ƙarfe tsakanin fad biyu. A baya, yawancin motocin da ke yawo a nan duram ne, cikinsa da 'yar silinda da ke buɗa shu biyu su goga jikin duram.

Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ya bayyana ƙa'idar: in aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa kowane lungu daidai wa daida. Shi ya sa in faɗin fuskar fistin ɗin taya ya ninka na masta sau huɗu, ƙarfin da ya isa taya ma zai ninka sau huɗu. An daɗe kafin a sa wannan ilimi a mota. Sai wajen 1921 wani kamfanin Amurka, Duesenberg, ya fara sayar da mota mai birkin mai a duk tayoyi huɗu. Kafin nan sanduna da wayoyi ne ke jan birki, kamar yadda yake har yau a yawancin baburanmu.

Duk wannan dabara ta rataya ne a kan abu ɗaya: mai ba ya matsuwa. Da zarar ƙwayar iska ta shiga layi, ƙarfin ƙafarka zai ƙare wajen matse ta, kamar sirinjin nan mai ruwa da 'yar iska, abin da ya rage ne zai isa taya.

Na san wani zai ɗaga hannu ya ce, to ai tirela da manyan motoci da iska suke birki. Gaskiya ne, amma wani tsari ne dabam, mai injin tara iska da manyan tankuna, kuma ba ya cikin wannan darasi. A-daidaita-sahu kuwa birkin ƙafarsa na mai ne, don haka mai shi ya buɗe kunne.

Ruwa ba ya tsami banza

Layin birki a rufe yake. Iska ba ta shiga don ra'ayin kanta, sai an buɗe mata ƙofa. Wanda ya fitar da iska bai nemo ƙofar ba, mako mai zuwa zai sake kwanciya a ƙarƙashin mota, in Allah ya sa a gida abin ya same shi. A ganina wannan shi ne babban kuskuren masu gyara a gida, har da wasu kanikawan: a yi bilidin, feda ta yi tauri, a yi sallama, ba wanda ya tambayi inda man farko ya tafi.

Ƙofofin ba su da yawa. Ko dai an kwance wani abu, kamar tiyo ko kalifa ko masta, lokacin gyara. Ko man ya ragu a tanki har masta ta zuƙi iska. Ko kuma akwai yoyo. Saboda haka kafin ka taɓa sufana, ɗauki tocila ka zaga. Duba bayan kowace taya ta ciki: in ka ga danshi mai maiƙo ya gangaro daga duram, robar 'yar silinda ta mutu. Duba tiyo ko ya tsattsage ko ya kumbura. Bi bututun ƙarfe da ido, musamman inda laka ke maƙalewa. Leƙa ƙarƙashin masta, inda ta haɗu da wani baƙin tulu mai taimaka wa ƙafa, ka ga ko fenti ya saɓule. Man birki yana cin fenti, don haka ba ya iya ɓoye sawunsa. In ka sami yoyo, a canza abin da ya lalace tukuna, bilidin ya biyo baya.

Raguwar mai kaɗan-kaɗan cikin watanni ba lallai yoyo ba ne. Yayin da fad ke cinyewa, fistin yana ƙara fitowa, mai ya bi shi. Wannan alama ce ta a duba fad.

Abin da kogi da rana suke yi wa birki

Akwai ƙofa ta huɗu, kuma ita ta fi shafar mu mutanen wannan yanki. Kogin Haɗejiya, wanda ke samun ruwansa daga kogunan Kano da Challawa, inda aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yakan cika ya batse a watannin Agusta da Satumba. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda ruwa ya hau hanyoyi a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, motar da ke shiga fadama ɗaukar shinkafa ko kifi ko tattasai tana ratsa ruwa da taɓo fiye da motar cikin birni.

A nan sai a rarrabe abu biyu da direbobi ke haɗawa. In ka fito daga ruwa ka taka birki, feda da taurinta amma mota ba ta kamawa, wannan jiƙewa ce. Ruwa ne tsakanin shu da duram. Maganinsa ka yi tafiya a hankali kana ɗan taka birki sama-sama har zafi ya busar da shi. Ba ya bukatar bilidin.

Ɓarnar ruwa ta gaske a hankali take zuwa. Taɓon da ya manne a ƙarƙashin mota yana riƙe danshi, bututu ya yi tsatsa har ya huje. Fistin ɗin kalifa ya cije. Sannan shi kansa man birki yana da wata ɗabi'a: yana shan danshin iska kamar yadda gishiri ke yi da damina. Yana sha ta ɗan hujin murfin tanki, yana sha ta jikin tiyo, ko da motar ba ta taɓa shiga ruwa ba.

Ga dalilin da ya sa wannan ya zama abin damuwa. A jikin kowace robar man birki za ka ga an rubuta DOT da lamba. Ma'auni ne na ma'aikatar sufuri ta Amurka da duniya ta ɗauka. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205. In ya sha ruwa kashi 3.7 cikin 100, abin da ma'aunin ya lamunce ya sauko zuwa 140. DOT 4 kuwa 230 ne yana sabo, 155 in ya sha ruwa. Man da ya tafasa yana yin tururi, tururi kuwa ɗan'uwan iska ne, yana matsuwa. Sai direba ya ji feda ta tafi ƙasa gaba ɗaya ana tsakiyar tafiya, in mota ta huce kuma birki ya dawo kamar ba abin da ya faru. Dawowar nan ita ke yaudarar mutane.

Wani zai ce ƙasarmu shimfiɗe take, ba mu da gangaren da zai ƙona birki. Haka ne, ba mu da hawa da gangara irin na Filato. Amma muna da lodi fiye da ƙima, muna da ramukan da ke sa a taka birki kowane ɗan taƙi, muna da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 tun mota ba ta motsa ba. Ƙara da kalifa guda da tsatsa ta sa ba ta sakin faifai sosai, tana gugarsa tun daga Malam Madori har Gumel. Wannan ya isa. Shi ya sa yawancin masu ƙera motoci ke cewa a canza man birki duk shekara biyu. Ga motar da ke aikin fadama, ni dai shawarata a duba shi duk ƙarshen damina. Sabon mai garau yake, da ɗan launin ruwan zuma. In ya koma kamar shayin da ya daɗe a wuta, ya gama aiki.

Kayan aiki

Man birki irin wanda aka rubuta a murfin tankin motarka, a roba mai hatimi da ba a taɓa buɗewa ba. Rabin lita ya isa fitar da iska, lita ɗaya in za a canza man gaba ɗaya. Kada ka sayi na tsiyaye, kada kuma ka yi amfani da ragowar da ta shekara a but. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna haɗuwa, sai dai motar da aka ce a sa mata 4 ba a mayar da ita 3. DOT 5, wanda ba shi da ɗigo ɗaya a gaba, wani iri ne dabam, ba ya haɗuwa da sauran.

Sai sufana mai zobe daidai kan notin iska, galibi lamba 8 ko 10, wasu motocin 7 ko 9 ko 11. Siririn tiyo mai haske wanda ake ganin abin da ke gudana a ciki, tsawon kamu biyu. Kwalba mai haske. Sirinji. Jak, da abin tokare mota. Tsumma mai tsabta, da bokitin ruwa a kusa. Da mutum na biyu, mai jin magana.

A kan abin da ake zubawa a tanki, bari in yi magana ba kwana-kwana. Baƙin mai, man giya, man sitiyari, kananzir, duk suna kumbura robobin birki su lalata su, ko da cokali ɗaya ne. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa in mai ya tsiyaye a daji yana tafasa a digiri 100, yana kuma cin ƙarfe daga ciki. Motar da aka taɓa yi wa haka tana bukatar a wanke layinta duka a canza robobi. Haka nan toshe layin taya ɗaya da ƙusa don tsayar da yoyo: mota za ta fizge gefe guda ranar da aka taka birki da ƙarfi.

Shirya mota

A sami wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Ƙasarmu rairayi ce, jak yana nutsewa ko ya zame, don haka a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa. A kashe inji, a sa giya, a tokare tayoyin da ke ƙasa gaba da baya. A sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga. Da an ɗaga, a sa ƙafar ƙarfe ta tokare mota ko kututturen itace mai ƙwari. Ban da bulon siminti: yana fashewa ba tare da sallama ba. Ba a sa kai ko kafaɗa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Goge murfin tanki da kewayensa kafin ka buɗe, balle da hunturu lokacin ƙura. Zuƙe tsohon mai da sirinji, ka bar kaɗan a ƙasa don kada ramukan masta su buɗe, ka cika da sabo har layin sama. Mataimaki ya taka feda sau biyar ko shida inji a kashe, har ta ƙara tauri. Sannan a sa guntun katako a ƙarƙashin feda yadda ba za ta kai ƙasa ba. Dalili shi ne, a tsohuwar masta akwai wani sashe can ciki da fistin bai saba kaiwa ba, ya yi tsatsa da datti. In aka tura robar fistin ta bi ta kansa, sai ta yage, a fara da matsalar iska a ƙare da sayen masta.

Notin iska ɗan ƙaramin noti ne mai rami a tsakiya, yana saman kalifa ko bayan duram kusa da inda bututu ya shiga. Wasu kanikawa nifil suke ce masa. A motar da ta sha ruwan fadama, shi ne wurin da aiki ya fi lalacewa. Kankare laka da burushin ƙarfe, fesa masa man sassauta tsatsa tun daren jiya in da hali, ka ɗan ƙwanƙwasa kansa a hankali. Sa sufana mai zobe ta zauna sosai, ka gwada da hannu ɗaya. In ya ƙi, ƙara mai ka jira. In ya sake ƙi, tsaya nan. Ramin da ke cikinsa ya sa ba shi da ƙwari, yana karyewa, in kuwa ya karye a ciki, motar ba za ta iya kai kanta gareji ba.

Da wace taya za a fara? Ƙa'idar da aka saba ita ce a fara da wadda ta fi nisa da masta. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarin motocinmu yana hagu, masta ma haka. Don haka: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Amma ba kowace mota ba. Wasu motocin Honda, alal misali, daga gaba hagu ake fara su. In littafin motar yana nan, maganarsa ce gaba da tawa.

Danna, riƙe, saki

Sa zoben sufana a kan noti, sannan ka cusa tiyo a bakinsa. Ɗaya bakin tiyon ya nutse cikin ɗan sabon mai a gindin kwalba. Duram ya kasance a rufe a wurinsa, kalifa kuma tana kan faifai da fad ɗinta. In aka taka feda duram a cire, fistin zai yi tsalle ya fito.

Aikin na mutum biyu ne, kuma da baki ake yin sa. A sauke gilashi, a kashe rediyo, a sallami 'yan kallo. A ce kai ne a wajen taya, ƙanenka yana kan kujerar direba.

"Danna sau uku, a hankali."

"Na danna, Yaya."

"Riƙe."

"Na riƙe."

Sai ka buɗe noti kwatan zagaye. Mai zai fito da kumfa, feda ta tafi ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Ta sauka, Yaya."

"Kada ka ɗaga."

Ka ɗaure noti. Sai ka tabbatar ya ɗauru sannan ka ce, "Saki."

"Na saki."

Duk sirrin yana tsakanin kalmomin nan biyu na ƙarshe. In ya ɗaga ƙafa noti yana buɗe, masta za ta ja iska ta koma ciki, aikin ya koma farko. Saboda haka ba ya ɗagawa sai ya ji daga bakinka, kai kuma ba ka buɗewa sai ka ji daga bakinsa. Kada kowa ya yi zato. Kuma a hankali ake dannawa. Yara masu ƙarfin jini suna son su yi ta dukan feda da sauri, abin da ke farfasa babbar ƙwayar iska ta zama kumfa ƙanana masu wuyar fita. In hakan ta faru, a ba shi minti goma ya kwanta.

Ka maimaita, idonka a kan tiyo. Da farko za ka ga mai baƙi da ƙwayoyin iska suna bin juna. Sannu a hankali launi zai washe, ƙwayoyin su ragu. In ka yi zagaye biyu ko uku a jere ba ka ga ko ɗaya ba, kuma man da ke fita garau ne, wannan taya ta gama. Ɗaure noti daidai misali, ba da ƙarfin tsiya ba, ka mayar da 'yar hular robarsa. Hular nan ita ke hana taɓo shiga ramin, in ta ɓata a nemi wata.

Bayan kowane zagaye huɗu ko biyar, tashi ka leƙa tanki ka ƙara mai. Wannan ne abin da aka fi mantawa. In tanki ya ƙafe ana cikin aiki, ka shigar da iskar da ta fi wadda ka fitar, kuma daga sama, inda za ta bi duk layukan. Man da ya fito cikin kwalba ba ya komawa tanki, ko da ya yi kama da sabo.

In ba ka da mataimaki, ana iya buɗe noti kaɗan, bakin tiyo a nutse cikin mai, ka riƙa taka feda a hankali da kanka. Yana yi, amma iska takan saci hanya ta zaren notin, kuma ba ka ganin abin da ke fita. Jiran ƙanenka ya dawo daga makaranta ya fi.

Gwaji

An gama tayoyi huɗu, an cika tanki zuwa layin sama, an rufe. Inji a kashe, taka feda. Ya kamata ta tsaya da tauri tun ba ta kai rabi ba. Riƙe ta da ƙarfi rabin minti. In tana zamewa ƙasa a hankali, ko akwai yoyo, ko robar masta tana barin mai ya koma baya ta ciki, wanda ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Bilidin ba ya maganin wannan. Sannan, ƙafarka a kan feda, tayar da inji. Za ta ɗan sauka kaɗan, alamar tulun taimako yana aiki.

Zaga ka duba kowane noti ko yana tsattsafo. Mayar da tayoyi, sauke mota, ka ƙara ɗaure notocin taya tana ƙasa. Gwajin farko a fili, inda ba yara ba dabbobi, da gudun da bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba. Sai a ƙara kaɗan. A lura ko tana ja gefe guda.

In an yi bilidin sau biyu feda ba ta yi tauri ba, kada a ci gaba da zubar da mai. Feda mai tafiya nesa amma ta tsaya da tauri a ƙarshe, yawanci shu ne suka yi nisa da duram, saiti suke so. Tiyon da ya tsufa yana kumbura in an taka, ya shanye ƙarfin. Akwai kuma wani kuskure da ke wahalar da mutane: in an sayo kalifa ta hannu aka ɗaura ta dama a hagu, notin iska zai koma ƙasa. Iska kuwa sama take taruwa, ko kwana za a yi ba za ta fita ba.

Motoci masu ABS, waɗanda fitilar haruffan nan uku ke kamawa a gaban direba in an murza makulli, ana yi musu bilidin na yau da kullum kamar yadda muka bayyana, matuƙar tanki bai ƙafe ba. In iska ta shiga akwatin ABS ɗin kansa, wasu sai an haɗa su da na'urar kwamfuta ta buɗe bawul ɗin ciki. Wannan, da canza masta, da bututun da ya huje, da notin da ya cije, aikin bakanike ne. Motar da fedarta ke kaiwa ƙasa kuma ba a tuƙa ta zuwa gareji, bakaniken ake ɗaukowa.

Tsohon mai

Man birki guba ne. Abin haɗarin shi ne ba shi da wari mai kora, don haka yaro ko akuya na iya sha. Kada a bar shi a robar lemo ko ta ruwa. A zuba a galan mai murfi, a rubuta a jiki, a kai gareji. Ba a zubarwa a kwata ko bayan gida, domin a garin da ke bakin kogi, abin da ya shiga kwata da rani yana fadama da damina, inda muke noman shinkafa muke kamun kifi. In ya zuba a fenti, a kwara ruwa nan take. In ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. Masu shafa shi a ciwo ko ƙyasbi da sunan magani kuma su daina, ƙona fata yake yi.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zauna a kujera a matsayin mai feda, ɗaya ya tsuguna a bayansa inda ba sa ganin juna, ku yi zagaye biyar na danna, riƙe, saki da baki. Malami ya lura da wanda ya ɗaga ƙafa kafin a ce masa.

Kafin zama na gaba, kowa ya buɗe bonet ɗin wata mota, tasa ko ta maƙwabci da izininsa, ya rubuto lambar DOT da ke kan murfin tanki, da inda mai ya tsaya, da launinsa.

Sannan ku tattauna wannan: wani direban akori-kura ya ratsa ruwa a hanyar Guri, da ya fito birki bai kama ba, amma feda da tauri. Wani kuma ya taso daga Haɗejiya da lodi da tsakar rana, kafin ya kai Kaugama feda ta tafi ƙasa, bayan ya huta rabin awa ta dawo. Na uku kullum da safe sai ya ƙara mai a tanki. Wane ne a cikinsu yake bukatar bilidin, wane ne zai canza mai gaba ɗaya ya kuma duba kalifa, wane ne bai kamata motarsa ta bar gida ba?